Annabin da Ya Tafi Badariya a Kan Babur

Ni ba malami ba ne, kifi nake sayarwa. Na faɗi wannan tun daga farko don kada wani ya karanta abin da ke tafe ya ce makarantar Lahadi ta lalace a Birnin Kebbi. Ba ta lalace ba. Mako guda aka ba ni ita.

Aji huɗu na yi a firamare na fita. Ina karatu, amma irin tafiyar mutum cikin taɓon fadama, sai na zare ƙafa ɗaya kafin in dasa ɗaya. Aikina shi ne in tafi Argungu sau biyu a mako, in sayo kifi a bakin ruwa, in kawo gida Gwadangaji, in jibge shi cikin wani tsohon firiza da ya daɗe da mutuwa, in danna masa ƙanƙara, sa'an nan in rarraba wa masu sayar da abinci. Shekara ashirin da wani abu ke nan. Gwiwoyina sun gaji, bayana ya gaji, hancina kuwa ya daina aiki gaba ɗaya, abin da mutanen gidanmu suke cewa alheri ne Allah ya yi mini ni kaɗai.

Abin da ya faru shi ne malamar yara ta majami'armu ta haihu ranar Laraba. Ranar Alhamis bayan addu'a sai babban dattijonmu ya tare ni a bakin ƙofa. Tsoho ne dogo, ya yi aikin gwamnati ya gama, ba ya dariya sai in abu ya fi ƙarfinsa. Ya ce darasin wannan Lahadi labarin annabin nan ne da Allah ya aika wani birni na mugaye, ya ƙi zuwa, ya shiga jirgin ruwa ya gudu, har kifi ya haɗiye shi. Na ce to, Allah ya ba mai koyarwa sa'a. Ya ce ni ne mai koyarwar. Na tambaye shi dalili.

"Kai ne mai kifi," in ji shi.

Iyakar jarrabawar da aka yi mini ke nan.

Ranar Jumma'a da yamma matata ta zauna ta karanta mini labarin daga Littafi Mai Tsarki, ita da ta gama sakandare. Wurin hadari ya yi mini daɗi. Wurin da aka jefa mutumin cikin ruwa ya fi mini daɗi. Amma da ta kai inda mutanen birnin suka tuba Allah ya fasa hallaka su, sai na ji raina ya ɓaci. Na ce mutane su yi ta mugunta shekara da shekaru, sa'an nan su yi azumin kwana biyu a ce shi ke nan? Ta ce ai haka shi ma annabin ya ce, kuma ba a yabe shi ba. Ta ce in tabbata na kai yara har wurin jinƙai. Na ce yaran yanzu jinƙai ya yi musu yawa, tsoro ne ya yi musu kaɗan. Ta rufe littafin ta ce ta ji, Malam. Tun da muka yi aure ba ta taɓa kirana Malam ba, kuma yadda ta ja kalmar ban ji daɗinsa ba.

Asabar da safe ina Argungu. Akwai wani tsohon masunci da nake saye a hannunsa tun ina da gashi a ka. Musulmi ne, bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi, kullum sai ya tambaye ni ko Fasto ya amince in ƙara aure. Ran nan na same shi zaune kan kifaffen kwalekwale yana ta wani yauƙi, don ya kama giwan ruwa. Ba irin na da ba ne wanda sai mutum biyu sun ɗauka, amma in aka tsayar da shi zai kai mini ƙugu. Na durƙusa na buɗe bakinsa don in duba ko sabo ne. Dunƙulen hannuna ya shige har wuyan hannu. A nan dabarar ta faɗo mini, cikakkiya, da kai da ƙafa. Da ma ta faɗa cikin ruwa.

Da muka daidaita ya zaro wuƙa zai farke cikin kamar yadda ya saba. Na riƙe hannunsa na ce ya bar mini shi ɗungum.

"Kihi da hanjinai cikin wanga zahi? Mi kaka nuhi da mutanen Birni?"

Na gaya masa. Ya yi ta dariya har sai da ya dafa kwalekwalen. Ya ce su ma sun san labarin tun suna ƙanana, amma malaminsu bai taɓa kawo kifin makaranta ba, da baki kawai ya faɗa, kuma ga su sun girma lafiya.

Kifi irin wannan ba a riƙe shi. Tun a mota na kira Hajiya, mai gidan abinci a unguwar Badariya, wadda ta fi kowa saye a hannuna. Na ce Litinin zan kawo mata. Ta ce tana da masu biki ranar Lahadi da yamma, ko Lahadi ko in ci abina. To, a majami'armu an hana ciniki ranar Lahadi, kuma wannan dattijon ne ya fi kowa tsayawa a kai. Ni kaina na sha gyaɗa kai in yana faɗa. Sai na zauna na yi wa kaina shari'a a cikin mota, tsakanin buhun albasa da wata mata mai kaji: cinikin ai yau Asabar aka yi shi, gobe ɗauka ce kawai. Na wanke kaina tas. Na ce mata ta aiko ɗan kabu-kabunta, mai yi mata dako a babur, ya same ni a bayan majami'a, amma sai an tashi, sai rana ta take tsaka. Ta ce to.

Muna da 'yar auta, lokacin shekararta bakwai. Tana da 'yar tsana ta roba, tsawonta bai fi taƙi guda ba, rabin gashinta ya zube saboda kitso. Da ita take kwana, da ita take ci, in an yi mata faɗa ita take kai wa ƙara. Ranar Lahadi da safe uwarta ta ce ta share tsakar gida ta yi wanka. Ta kira ta sau uku, yarinya tana bayan ɗaki tana kitso. A na huɗu uwar ta je ta fizge 'yar tsanar ta ɗora kan kabad, ta ce Allah yana ganin yaran da ba su jin magana. Yarinya ta yi shara tana kuka, ta yi wanka tana kuka, suka wuce majami'a suka bar ni ina ɗora kifi a baho.

Ni da ma totuwar masara na yi niyyar yin annabi da ita. Na shiga ɗaki neman tsumma sai idona ya sauka kan kabad. Ga hannu, ga ƙafa, ga fuska. Totuwa ba ta da ko ɗaya. Ban tsaya na yi tunani ba, don ni tunani ba ya zo mini sai bayan an gama. Na yage wani farin ƙyalle daga tsohuwar rigata na naɗa mata ya zama riga. Na shafa mata gemu da gawayi. Na warware baƙin zare daga keken ɗinkin matata, na ɗaure ta a ƙugu da ƙirji da wuya, na bar jela mai tsawo. Shirin shi ne in tura ta cikin kifin, in yi wa'azi, yara su ƙirga kwana uku, in ja zare, annabi ya fito. Ko Fasto bai taɓa yin irin wannan ba.

Ajin yara a bayan majami'a yake, ƙarƙashin itacen dogon yaro, benci shida. Na ajiye bahon a rufe da buhu, na ce wanda ya taɓa zai ga abin da bai taɓa gani ba. Ƙudaje dai ba su ji gargaɗin ba.

Sai na fara. Ban san ina da wannan abin a cikina ba. Na ce benci jirgi ne, kowa ya riƙe da kyau. Na ce iska ta taso daga wajen Ambursa, su karkata hagu. Suka karkata. Na ce dama. Suka karkata dama, na ƙarshen benci ya faɗi ƙasa, ya tashi yana cewa a sake. Na ɗebo ruwan ƙanƙara daga gefen baho ina watsa musu, suna ihu suna dariya, 'yan mata suna kare kitsonsu da littafin waƙa. Na zama shugaban jirgi, na zama iska, na kwanta ƙasa na zama annabi yana minshari a gindin jirgi, ni da gwiwata ba ta yarda in tsuguna. Wani yaro ya ce shi zai yi tsawa, ya samo murfin tukunya. Daga cikin majami'a aka aiko a ce mu rage. Muka rage na minti ɗaya.

Sai na yaye buhun nan. Kifin yana kwance da ido fari fat da baki a wangame. Waɗansu ƙanana suka koma bayan manya. Na ji kaina ya kumbura. Na sa hannu a aljihu na zaro annabi na ɗaga sama.

Yara suka fashe da dariya saboda gemun. Ɗiyata tana benci na biyu. Ta gane ta nan take, gemu ko ba gemu. Na ga fuskarta sarai, ba zan yi ƙarya ba, amma na ce a raina minti biyar ne, za ta ma yi alfahari.

Na ce ga marar biyayya. An aike shi gabas ya yi yamma. Na sa kan a bakin kifin na tura. Yara suka fara tafi suna cewa haɗiye, haɗiye. Ƙafafun suna leƙowa, suka ce Malam ai bai shiga ba. Na zo da muciyar matata don irin wannan, sai na sa ƙotar na danna. Suka ce a ƙara. Na ƙara. Suka ce a ƙara. Mutum mai shekara hamsin, yara suna ba shi umarni yana bi. Na danna har na ji wani abu ya ce ƙus a can ciki, zare kaɗai ya rage a waje.

Sa'an nan na tsaya na yi wa'azin da nake ta tanadi. Na ce haka Allah yake yi da wanda ya ji ya ƙi. Na ce ba a ɓuya masa, ko a gindin jirgi, ko a bayan ɗaki. Na ce wanda aka ce ya yi shara ya ƙi, wanda aka kira sau uku bai amsa ba, ya sani akwai kifinsa yana jiransa. Wallahi ba da ita nake ba. Misalin ne ya fi kusa da bakina, shi na ɗauka.

Muka ƙirga kwana uku da ƙarfi. Na naɗe zaren a yatsa, na ce to ku duba ikon Allah. Na ja. Ya yi tauri. Na ƙara ja. Zaren ya zo hannuna shi kaɗai, yana lilo.

Na ce wannan kwana na uku bai cika ba, a sake ƙirgawa. Suna ƙirga na zura hannu cikin bakin kifin. Ya shiga har wuyan hannu ya tsaya, ƙayoyin maƙogwaro suna karce ni, ko tafin ƙafarta ban taɓo ba. Na ɗaga kifin ta wutsiya na girgiza. Ruwa ya zubo a kan takalmina na zuwa sujada.

Akwai jikar dattijon a ajin, yarinya 'yar shekara tara mai bakin tsiya, irin waɗanda suke gyara wa Fasto lambar waƙa. Ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, bai tuba ba ne." Nan da nan aji ya amince. Wani ya ce a yi masa addu'a. Kafin in hana, yara talatin sun durƙusa kewaye da baho sun rufe ido suna roƙon Allah ya ji tausayin annabi, mai murfin tukunya yana buga amin.

Wuƙa nake bukata, ni kuwa ba na zuwa majami'a da wuƙa. Na ce kada kowa ya motsa, na ruga gidan Fasto da ke can ƙarshen fili. Matarsa tana cikin sujada, sai wata tsohuwa mai nauyin ji na tarar, na yi ta kwatanta yanka da hannu a wuyana har ta tsorata ta rufe ƙofa. Da ƙyar na samu wata wuƙar yankan kuɓewa.

Ina fitowa na hango babur yana fita ƙofar majami'a, bahona ɗaure a baya da roba, wutsiyar kifi tana kaɗawa. Ɗan kabu-kabun Hajiya ne. An ce masa tsakar rana, shi kuma ya sauke fasinja kusa ya ga bai kamata ya yi sawu biyu ba. Ya san bahon, ya san ni, ya ɗauka. Yara talatin suna bin sa a guje cikin kayan Lahadi suna ihu akwai annabi a ciki. Ya waiwayo ya ɗaga musu hannu, ya matsa musu ham sau biyu, ya hau titi.

Ihun ne ya fito da dattijon. Ya same ni tsaye da wuƙa a hannu ɗaya, baƙin zare a ɗaya, rigata jiƙe. Ya tambayi yaran, suka ba shi labari su talatin a lokaci guda. Ya saurara. Sa'an nan ya tambaye ni abu ɗaya, wai ina aka kai kifin. Na ce Badariya. Ya ce kyauta na bayar? Na ce ba kyauta ba ce ƙwarai. Ya ce yau wace rana ce? Na fara yi masa bayanin Asabar da ɗauka, amma a bakina bayanin bai yi kyau kamar yadda ya yi a mota ba.

Jikarsa ta ja masa riga, amma ni take kallo.

"Malam, to kai mi za ya haɗiye ka?"

Tsohon ya juya mana baya yana duban itacen dogon yaro kamar bai taɓa ganinsa ba. Kafaɗunsa suna rawa. Ya daɗe a haka.

Ni ma da na yi dariya, sai na lura ɗiyata ba ta cikin masu gudun. Tana benci na biyu inda na bar ta, hannuwanta a kan cinya, ba ta ko kuka. Na je na zauna kusa da ita. Ta ce, a hankali, ba tare da ta dube ni ba:

"Baba, ni ce ban yi shara ba. Ita ba ta yi kome ba. Ka gaya wa Allah ya maido ta, ni kifin ya zo ya ɗauke ni."

Na sha jin wa'azi a rayuwata, amma ban taɓa jin wanda ya zaunar da ni kamar wannan ba. Yarinyar ta gaskata kowace kalma da na faɗa. Ta haɗa ta da maganar uwarta ta safe, ta ga hukunci ya sauka a gabanta, kuma ubanta ne ya danna shi da muciya. Na san in 'yar tsanar nan ta shiga tukunya, abin da za ta riƙe game da Allah ke nan, da ni, har ta tsufa.

Na miƙa wa dattijon wuƙar Fasto, na ɗauki yarinyar, muka fita titi. Wayata tana gida, don matata ba ta barin in zo da ita majami'a. Muka tsayar da keke mai ƙafa uku. Na ce Badariya, kuma kada ya ɗauki kowa. Ya shaƙi iska ya ce ai ko ya so ba wanda zai shiga. A hanya ta tambaye ni ko Hajiya tana dafa mutane. Na ce a'a. Ta ce to 'yan tsana fa? Na ce wa mai keken ya ƙara wuta.

Tun daga bakin layi na san an riga an farke kifin, don ba hayaƙi a gidan Hajiya, ga mutane a ƙofa suna leƙe. Muka kutsa. An sauke tukwane. Matan da suke mata aiki sun manne da bango, ɗaya tana ta karanto addu'a tana tofawa hagu da dama. Kifin yana kan tabarma a buɗe. A tsakiyar gida, cikin wani fasasshen kasko, ga annabina kwance. Sai a lokacin na gan ta da idon wani: 'yar mutum-mutumi naɗe da farin ƙyalle, an ɗaure ta da baƙin zare a wuri uku, fuska baƙi ƙirin, an ciro ta daga cikin kifin da za a ciyar da 'yan biki. Ni kaina sai da na ja da baya.

Hajiya mace ce mai jiki, ta ɗaure gyale a ƙugu, kwalbar kananzir a hannu ɗaya, ashana a ɗaya.

"Yauwa, ka zo daidai. Dubi abin da anka aiko min. Likkafani ne wanga, ko ba likkafani ba ne?"

Ta ce ta san wadda ta yi mata wannan asirin. Wata mai abinci ce a tsallaken titi, wadda tun bara take jin haushin ta ƙwace mata masu biki. Ta ce za ta ƙona abin, sa'an nan ta haye ta juye mata tukwane ɗaya bayan ɗaya. Ta ce in gaya mata gaskiya wa ya taɓa kifin nan tsakanin Argungu da nan.

Zan faɗi abin da ya zo mini, tun da na ce ba zan yi ƙarya ba. Ya zo mini in ce ruwa ne, kifi yana haɗiye kome, na taɓa samun silifa a cikin wani. Da na faɗi haka na tsira da mutuncina da cinikina. Amma ta riga ta buɗe kwalbar, yarinyar kuma ta matse mini yatsu har suna zafi.

Na ce, "Hajiya, ni ne. Ba likkafani ba ne, rigata ce. Annabi ne."

Sai na ba da labarin tun daga haihuwar malama, a tsaye, da jiƙaƙƙen takalmi, gaban mata takwas da rabin layin. Da na kai wurin muciya mai tofa addu'ar ta sulale ta zauna a ƙasa. Da na kai wurin yara suna bin babur, Hajiya ta ajiye kananzir a hankali don kada ya zube, ta kama cikinta. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi. Ta aika a kira ɗan kabu-kabun, ta ce masa ya san wa ya goyo yau? Ta ce saura kaɗan ta je ta fasa wa baiwar Allah tukwane a kan makarantar Lahadi. Ta ce tun da take ba ta taɓa jin an kai annabi Badariya ba, kuma a ce gidanta ya sauka.

Duk wannan yarinyar ba ta saki hannuna ba, ba ta kuma je wurin kaskon ba. Hajiya ta lura. Ta share hawaye, ta ɗauko 'yar tsanar da kanta, ta tsinke zaren da haƙori, ta warware ƙyallen ta jefar, ta miƙo mata. Yarinyar ba ta karɓa ba.

"Hajiya, an yafe mata?"

Hajiya ta dube ni. Ta ce, "Tambayi ubanki, ɗiyata. Shi ne malam."

Matan suka sake ƙyalƙyalewa, amma ni na durƙusa, gwiwata ta yi ƙara kowa ya ji. Na gaya mata sashen da ban so ba ranar Jumma'a. Na ce kifin cikin labarin ba don ya cinye mutumin aka aiko shi ba, don kada ya nutse ne. Na ce an fito da shi, ya je birnin, mutanen suka ce sun yi laifi, Allah kuma ya ƙyale su dukansu, manya da yara har da dabbobinsu. Na ce 'yar tsanarta ba ta yi kome ba, ita ma ta riga ta yi shararta, ba wani kifi da yake jiranta a ko'ina. Na ce ba Allah ne ya ɗauke ta daga kan kabad ba, ni ne, ban kuwa tambaye ta ba.

Ta karɓi 'yar tsanar da hannu biyu. Ta duba hannuwan, ta duba ƙafafun, ta ƙirga sauran kitson. Sa'an nan ta dube ni.

"Kai ma an yafe maka?"

Na ce ban sani ba tukuna, uwarta ba ta ji labari ba.

Ta yi nazari kamar alƙali. Ta ce za ta roƙa mini, amma ni zan wanke ta, yanzu, a nan. Hajiya ta ce hukunci ya yi, ta sa aka kawo mini sabulu da soso da kujera 'yar tsugunno. Aka mayar da tukwane kan wuta, aka fara yanka kifin gunduwa-gunduwa, ni kuwa ina bakin famfo da wandon sujada ina cuɗa 'yar roba, yarinya tsaye a kaina da hannu a ƙugu. Na wanke na miƙa mata. Ta sansana, ta maido mini. Na sake wankewa. Ta sake sansanawa, ta ce in bi bayan kunnen, kuma a hankali, don ba ta son ruwa a ido.